Idan Ejan Mai Alheri Ya Rasu: Yadda Ake Sauke Amanarsa da Raya Sunansa

Akwai sana'o'in da idan mai yin su ya rasu, rufe shago kawai za a yi a zauna makoki. Ta ejan ɗin tafiye-tafiye ba ta cikinsu, balle wanda ya yi suna wajen kai mutane Hajji da Umra ta jirgin yawo. Ranar da aka kai shi makwancinsa, durowarsa cike take da fasfo ɗin mutane, asusunsa na ɗauke da kuɗin da ba nasa ba, wataƙila ma akwai wata tsohuwa a Madina da take jiran ya turo mata lokacin tashin jirgi. Idan kuma mai sakin hannu ne, aikin ya ninka, domin irinsu ba su cika rubuta alherinsu ba. Wane ya kawo rabin kuɗi an ce masa "je ka kawai", wance an biya mata fasfo ba wanda ya sani, limamin unguwa an yi masa alƙawarin kujera baɗi. Duk wannan a kansa yake, an kuma binne shi da shi.

Saboda haka masoyan irin wannan mutum su fara da warware abin da ya bari a rataye. Rubutun yabo da gina rijiya da sunansa suna nan tafe, amma suna da lokacinsu.

Waɗanda suke kan hanya

Tun kafin a dawo daga maƙabarta, mutum ɗaya daga ma'aikatan ofis ya ware kansa daga zaman gaisuwa ya amsa tambaya guda: su waye matafiyanmu da suke waje yanzu, su waye kuma za su tashi cikin mako biyu masu zuwa? Ga waɗanda suke Saudiyya, a kira kamfanin can da marigayin yake hulɗa da shi a ji har zuwa wace rana aka biya masauki a Makka da Madina, an biya motar da za ta kai su filin jirgin Jidda ko ba a biya ba, yaushe kuma bizarsu za ta ƙare. Mai Umra da ya wuce wa'adinsa ya jawo wa kansa da kamfanin hukunci, kuma mutuwar ejan ba uzuri ba ce a wurin hukumomin can.

Sai batun tikiti, inda ake yawan yin kuskure. Takardar da ejan ya turo wa matafiyi ta WhatsApp ba lallai ne ta zama tikiti ba. Sau da yawa ajiyar gurbi ce kawai, mai lamba ta haruffa shida, wadda take da wa'adi. Idan wa'adin ya cika ba a yanki tikitin ba, na'ura za ta soke gurbin da kanta. Tikitin da aka yanka yana ɗauke da lamba mai alƙaluma 13. A bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a manhajar da ofishin yake aiki da ita, Amadeus ce ko Sabre ko Galileo, ko a shiga shafin kamfanin jirgin da lambar gurbin da sunan ƙarshe na matafiyin. Wanda tikitinsa ya fito, tafiyarsa na nan daram. Wanda bai fito ba, a gaya masa gaskiya a ranar, kada a bar shi ya yi sallama da dangi ya ɗauki jaka zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano sannan ya ji labari a bakin kanta.

A wurin jana'iza, sanarwar da aka saba yi ta masu bin bashi tana buƙatar ƙari. Mai sanarwa ya ce: "Jama'a, duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake binsa, ko ya ba shi ajiyar fasfo ko kuɗin tafiya, ya sami ƙaninsa a ofis bayan kwana uku, ya zo da duk takardar da ke hannunsa." A ambaci mutum ɗaya da wuri ɗaya. Idan aka bar abin sake, wani zai kai kukansa wurin uwargida tana cikin takaba, wani wurin yaron ofis, kowa ya sami amsa daban.

Fasfo da waya

A buɗe durowa a gaban mutum biyu, ɗaya daga iyali, ɗaya daga ofis. Kowane fasfo a rubuta sunan mai shi, lambarsa, ranar ƙarewarsa, dalilin kawo shi, da inda aka kwana a aikin. A duba ranar ƙarewar da kyau, domin Saudiyya da ƙasashe da dama suna neman fasfo mai sauran aƙalla wata shida, kuma jinkirin da mutuwa ta kawo yana iya cinye wannan tazarar. Katin rigakafi, wanda aka fi sani da katin rawaya, yakan kasance a maƙale a cikin fasfo. Kada a raba su. Wasu fasfunan ba za a same su a ofis ba, suna ofishin jakadanci ko cibiyar karɓar takardun biza, sai a nemi rasit ɗin karɓarsu a cikin fayil.

Ba a miƙa fasfo sai ga mai shi, ko ga wanda ya aiko bayan an ji muryarsa a waya, kuma mai karɓa ya sa hannu. Kada a riƙe fasfo ɗin kowa a matsayin jingina don yana da ragowar biya. Fasfo mallakin gwamnati ne, kuma marigayin da aka sani da sauƙin kai ba zai so a fara wannan da sunansa ba.

Wayarsa kuwa ita ce ainihin littafin ajiyar ofis. A cikinta ake samun saƙon murya na "Alhaji na turo dubu ɗari biyar, ka gani?" da amsarsa, da hotunan rasit, da alƙawura. A ci gaba da sa mata caji da kati don kada layin ya mutu, kada a goge komai, kuma a ajiye ta a hannun wanda magada suka yarda da shi. Abin da ba a yi shi ne amfani da ita ko da katin cirar kuɗinsa a kwashi kuɗi daga asusunsa, ko da niyyar biyan mabiya bashi ce. Daga lokacin da rai ya fita, kuɗin nan ya zama haƙƙin masu ajiya da mabiya bashi da magada, kuma wanda ya taɓa shi ba izini zai sha tambaya a gaban alƙali komai kyawun niyyarsa.

Ajiya ce, bashi ne, ko kyauta?

A nan ne zumunci yake ɓaci idan ba a yi hattara ba. Kuɗin da ya shiga hannun ejan ko ya fita daga hannunsa iri uku ne, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko ajiya: kuɗin da maniyyaci ya bayar don a yi masa aiki, ba a kai ga yi ba. Idan an same shi a ware, ba ya shiga gado sam, mai shi za a mayar wa. Idan ya cakuɗe da kuɗin marigayi ko an kashe shi, ya zama bashi a kan dukiyarsa. A rubuta da wane irin kuɗi aka karɓa. Wanda ya ba da dala ko riyal, su yake bi, ba naira a farashin ranar da ya bayar ba, kuma duk wanda ya san yadda farashi ke motsi a kasuwar canji ta Wapa a Kano ya san wannan layi ɗaya zai iya hana rigimar shekara.

Na biyu bashin da yake bin mutane. Wannan dukiyar magada ce. Ma'aikaci ko amini ba shi da ikon cewa "ai da Alhaji yana nan yafewa zai yi". Wataƙila gaskiya ne, amma yafewa yanzu ta koma hannun magada, kowa a kan rabonsa, kuma ba mai yafe rabon maraya ƙarami.

Na uku kyauta, wadda ita ce ta fi yawa a wurin mai alheri. A mazhabar Malikiyya da kotunan Shari'a na Arewa suke bi, kyauta tana tabbata ne idan wanda aka ba ya karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu. Wanda aka yankar wa tikiti aka buga masa biza kyauta, tafiyarsa ta zama tasa, ba mai ce masa ya biya. Wanda aka ce wa "bana in sha Allahu da kai za a tafi" amma ba a biya komai ba, alƙawarin bai hau kan dukiyar gado ba, sai idan marigayin ya sa shi cikin wasiyya, ita ma wasiyyar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Magada baligai suna iya cika alƙawarin daga rabonsu, kuma yin hakan na daga mafi kyawun hanyar girmama shi, amma da yardarsu, ba da matsin lambar 'yan zaman makoki ba.

Tsarin fitar da haƙƙoƙi sananne ne: abin da yake na wasu a cire shi, sai kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Kuskuren da ake yi shi ne gaggawar raba gado a kwana arba'in alhali maniyyatan ƙauye ba su ma ji labarin rasuwar ba. Ofishin irin wannan mutum yana buƙatar watanni, kuma ya fi kyau a bari lokacin Umrar azumi ko na Hajji ya zagayo, domin a nan ne masu ajiyar da suka yi shiru suke fitowa.

Da yawa za su zo ba rasit, saboda yarda ce ta haɗa su da shi. Kada a kore su, kada kuma a biya nan take. A zaunar da mutum, a yi masa tambaya cikin ladabi: "Baba, sannunku da zuwa, ya haƙurinmu? Kuɗin nan da kuka ba Alhaji, a hannu ne ko ta banki? A wane wata ne? Wa yake wurin?" A rubuta amsarsa, a karanta masa, ya sa hannu ko ya dangwala. Daga baya a gwada da bayanan banki da saƙonnin waya da abin da yaran ofis suka tuna. Yawanci gaskiya takan fito daga nan. Wadda ta gagara a kai wa alƙali. A da'awar da ake yi a kan mamaci, bayan shaidu akan ƙara wa mai da'awa da rantsuwa, tunda wanda zai musa ba ya nan.

Kamfanin da kansa

A nemo takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, a ga irin rajistar da aka yi. Idan sunan kasuwanci ne kawai na mutum ɗaya, kasuwancin da mai shi abu ɗaya ne a idon doka, banki zai rufe asusun da zarar ya sami labari. Idan cikakken kamfani ne mai daraktoci, kamfanin yana nan da ransa, sauran daraktoci za su zauna su canza masu sa hannu a banki su sanar da CAC, hannun jarin marigayi kuma ya shiga gado. A kowane hali za a buƙaci takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar kotu da ta ba da izinin kula da dukiyar mamaci. A ɗauki lauya tun da wuri, kuɗinsa bai kai asarar da jinkiri zai jawo ba.

Idan ofishin yana da rajistar IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, akwai ranakun da aka ƙayyade na tura kuɗin tikitocin da aka sayar. Aka tsallake, za a dakatar da ikon yankan tikiti, a kuma iya faɗawa kan lamunin bankin da aka ajiye. A sanar da su rasuwar da canjin shugabanci a rubuce. Ƙananan ejan-ejan da yawa ba su da wannan rajistar, ta hannun wani babban kamfani suke yanka. A je can a nemi lissafi, domin ana iya samun ragowar kuɗinsa ko ragowar bashi. Kada a yi saurin rufe wannan hanya: kuɗin tikitin da aka fasa ta inda aka biya yake dawowa, idan an toshe ta kuɗin matafiyi ya maƙale.

Mai lasisin jigilar alhazai kuma a rubuta wa Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, da ƙungiyar masu kamfanonin Hajji da Umra, AHUON. A Nijar hukumar COHO ce ke kula da wannan fanni. Abokan sana'a sukan karɓi maniyyatan ɗan'uwansu su ƙarasa musu aiki, amma a yi shi a rubuce, da sanin hukuma da yardar kowane maniyyaci.

Tattara tarihinsa

Zaman makoki shi ne lokacin da labarinsa yake zuwa da ƙafarsa, kuma yawanci a nan yake watsewa. A ajiye littafi a hannun wani matashi mai natsuwa. Bayan an yi addu'a an shafa, idan baƙo ya fara "ai ni ba zan manta da shi ba", a bar shi ya gama, sannan a bi shi waje a nemi izinin rubutawa da lambar wayarsa. A cikin gida a sami mace ta yi haka, domin tsofaffin matan da ya riƙe wa jaka a filin jirgi, ya nemo su da suka ɓace a Mina, su ne suka fi kowa sanin halinsa, kuma ba za su zo zauren maza su faɗa ba. Wadda ba ta son a rubuta, ta yi saƙon murya.

Wajen rubutawa, a fara da abin da za a iya tabbatarwa: cikakken sunansa da laƙabin da aka san shi da shi, garinsu da unguwarsu, shekarar haihuwa, ranar rasuwa a lissafin Hijira da na Miladiyya, inda ya yi karatu, wurin wanda ya koyi sana'a, shekarar da ya buɗe ofis. A tambayi mutum biyu kowace rana kafin a rubuta ta. Sannan a zaɓi labari uku ko huɗu da suke nuna shi yana aiki. "Mutumin kirki ne mai son jama'a" ana faɗin ta a kan kowa. Amma a ce yakan kwana a sansanin alhazai duk daren da jirgi ya yi jinkiri, yana bin layi da ledar ruwa yana kiran tsofaffi da sunayen ƙauyukansu, wanda ya san shi zai ce lallai shi ne, wanda bai san shi ba ya gan shi. Kalma 500 zuwa 700 sun isa abin da za a sa a Facebook ko a karanta a rediyo. Dogon a bar wa iyali.

Alherin da ya yi a ɓoye a bar masa shi a ɓoye. Ana iya cewa ya biya wa mutane kujera ba tare da an ambaci sunan kowa ba, sai wanda da bakinsa ya ce a faɗa. Kada a sa hoton gawa ko na jinya, kada a sa hoton fasfo ko biza ko tikitin wani don nuna yawan aikinsa, domin 'yan damfara da irin waɗannan suke sana'a. Kada a yanke masa Aljanna, a roƙa masa ita: Allah ya jiƙansa, ya sa halinsa na gari ya bi shi. Kafin a saki rubutun a karanta wa iyalinsa. A ƙarshensa a maimaita sunan wanda masu ajiya za su nema, a kuma faɗa ƙarara cewa ba a karɓar kuɗin tafiya ta tsohuwar lambarsa, domin ba a rasa mai buɗe shafi da hotonsa yana tallar Umra mai rahusa.

Sadaka mai gudana

Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambaci abu uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa na gari mai addu'a. Kuɗin sadakar daga gudummawar masoya zai fito, ko daga rabon magada baligai da suka yarda, ko daga wasiyya idan ya bari. Haka ma abincin sadakar uku ko bakwai ko arba'in ga gidajen da suke yi, tunda malamai sun saɓa a kanta: kowa ya bi malaminsa, amma ba da kuɗin marayu ba. Kuma ba a fara tara kuɗin rijiya alhali akwai maniyyacin da bai ga ajiyarsa ba. Idan dukiyar ba ta kai biyan bashi ba, gudummawar farko can ya kamata ta tafi.

Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a ce duk shekara za a kai mutum ɗaya Umra da sunansa. Yana da daɗin ji, amma yakan mutu a shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da kuɗin kujera ya tashi, zafin rashi kuma ya huce. Ba ya ɗorewa sai an jingina shi da abin da yake kawo kuɗi, kamar shagon haya da aka yi wakafinsa. Masu ƙaramin ƙarfi suna da abin da ya fi dacewa da sana'arsa: ɗaukar nauyin bitar maniyyata kyauta a masallacin unguwa, sayen kekunan guragu don tsofaffi a sansanin alhazai, ko riƙe karatun yaran da shi yake biya wa kuɗin makaranta, waɗanda galibi ba a gano su sai zangon karatu ya zagayo.

Idan rijiyar burtsatse aka zaɓa, a fara da takardar fili: mai filin ya rubuta cewa ya bayar, mai unguwa da shaidu su sa hannu, don kada magadansa su kewaye ta da katanga gobe. A yi binciken ƙasa kafin haƙa, musamman a yankuna masu dutse a ƙarƙashi irin na Kano da Kaduna, inda ake iya haƙawa a tashi ba ruwa. Yarjejeniya da mai haƙa ta faɗi zurfi, irin bututu, da wanda zai ɗauki asara idan ba a sami ruwa ba, biya kuma kashi-kashi, na ƙarshe bayan an ga ruwa ya jure janyowa na sa'o'i. A nisanta ta da masai da ramin ƙazanta da aƙalla mita 30, a kai ruwan ɗakin gwaji kafin a buɗe wa jama'a. Mai aiki da hasken rana ta fi mai janareto sauƙin riƙo, amma a walde faifan hasken ranar a kan ƙarfe mai tsawo saboda ɓarayi. A ware kamar kashi ɗaya cikin goma na kuɗin don gyara, a damƙa shi ga mutum uku na unguwar, a rubuta lambar mai gyara a jikin tankin.

Gudummawa kuma ta shiga asusu ɗaya mai masu sa hannu biyu, ba asusun wani ɗan kwamiti ba, a riƙa fitar da lissafi duk wata ga waɗanda suka bayar. Idan abin ya girma har ana son gidauniya mai sunansa, ana yi mata rajistar amintattu a CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Filin ko shagon wakafi da sunan gidauniyar za a rubuta shi, a ba kowane amintacce kwafin takardar, ɗaya kuma a ajiye wurin iyalinsa.